Gorunan Kubulwa

Litinin, 7 ga Satumba, 1942

Yau aka kawo katafilar. Tsohuwa ce, ƙarama, irin ta gyaran hanya. A Malam Madori aka sauke ta daga jirgin ƙasa, aka jawo ta har garejinmu na nan Haɗeja. Kyaftin ɗin sojan da aka turo mana, wanda muke ce wa Mai Lofe saboda lofen shan tabarsa, ya yi ta zagaya ta yana shafawa kamar wanda ya sayi sabuwar goɗiya. Ni ya sa na faɗa wa sauran makanikai abin da yake nufi, tunda ni kaɗai ke jin Turanci a garejin. Tankar yaƙi za mu yi da ita. Ba tankar tudu kaɗai ba, wai wadda in ta iske ruwa za ta faɗa ta haye.

Dalilinsa shi ne Faransawan Damagaram yanzu bayan Jamus suke bi. In suka gangaro mana lokacin da fadama ta cika, babu motar da za ta iya zuwa ta tare su. Shu'ibu direba ya ce in dai fadamar ta hana mu zuwa, ai su ma za ta hana su. Ban fassara wannan ba.

A nan dai ba zan ɓoye ba, raina ya yi fari. Tun da na baro makarantar sana'a a Kano ban taɓa abin da ya wuce faci da gyaran birki ba. Ga shi yau ni Haladu, ɗan Baƙo masunci na Kubulwa, da ni za a ƙera tanka.

Alhamis, 10 ga Satumba

Ya nuna mana zane-zanensa. Mutumin nan ba ya barci, na yarda. Akwai wata mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe, wai ta taka ruwa ta wuce. Akwai wadda za ta bi ƙarƙashin kogi, direba na shan iska ta bututu. Akwai ma mai tafiya da iska, da ƙyalle a sama. Duk ya aika wa manyansa, duk sun dawo masa da su. Wadda suka yarda ya gwada ita ce mafi hankali a ciki: a rufe katafila da faranta na ƙarfe, a ɗaura mata abin da zai ɗaga ta a ruwa, a sa wa sarƙar ƙafarta ƴan fikafikai ta riƙa tuƙa kanta.

Da durom, gangunan mai na ƙarfe, ya zana abin ɗaga ta. To durom kuwa yanzu ko na magani babu, kowane ɗaya sai an mayar saboda yaƙi.

Shi Dorina yake son a kira ta. Garejin kuwa tun kafin la'asar sun raɗa mata Kififiya, kuma sunan nan ne ya bi ta.

Laraba, 16 ga Satumba

Azumi da walda ba sa shiri. Ga zafin ƙarfe, ga ƙishirwa.

An gwada salka. Fatun shanu aka ɗinka aka hura, aka jera a bakin gareji su kwana. Kafin safiya karnuka sun yi buɗa-bakinsu da rabi, sauran kuma iskarsu ta fice. Mai Lofe ya tsaya a kansu, lofen ma ya mutu a bakinsa bai sani ba. Na ji tausayinsa. An ce ƙanensa ya mutu a cikin tanka a wata hamada can arewa, ban san gaskiyar ba.

Asabar, 19 ga Satumba

Bakina.

Mun je bakin kogi duba wurin gwaji, sai ga wani masunci ya biyo ruwa kwance a kan gorarsa, koma a hannu, ko motsi ba ya yi. Ban san lokacin da na ce wa Mai Lofe ya duba ba. Na ce ƙato guda ke nan gora ɗaya ta ɗauka, ina ga an tara da yawa. Ya kalli masuncin, ya kalle ni, ya buga min kafaɗa har na yi tangaɗi. Ya tambayi inda ake samun manya. Na ce duk ƙasar nan babu gora irin ta Kubulwa, don babu mai tafki mai zurfin namu.

Na faɗa da alfahari. Har gida na zo ina ba Zaituna labari, wai dabarar mijinta ce za ta kori Faransa. Ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da daka.

Talata, 29 ga Satumba

Umarni ya sauka, daga sama zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagacinmu. Kowane masunci a Kubulwa ya ba da gorarsa.

Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Na ɗauka za a nemo a kasuwa. Sai ka ce ba a gidan masunta aka haife ni ba, sai ka ce ban san babu mai kai gora ta gari kasuwa ba. Duma sai damina, kuma ba kowane duma ke ba da wadda za ta ɗauki namiji ba, a gona guda da ƙyar ka sami biyar. In ruwa ya janye aka buɗe tafki ranar su, wato ranar kamun kifin gayya, mai gora shi ke kai wa tsakiya inda manyan kifi suke. Marar gora sai gefe, shi da yara da mata. Kifin ranar nan kuwa shi ake banda, shi ne hatsi, shi ne tufa, shi ne auren shekara.

Na san duk wannan. Ina bakina ya kai shi ranar Asabar ɗin nan?

Juma'a, 2 ga Oktoba

Talatu ƙanwata ta aiko da saƙo ta bakin wani mai jaki. Wai a gaya wa Yaya an gode, ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Baba bai aiko da komai ba. Shi dama ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa, balle ya aiko min da faɗa. Da ma ya aiko.

Laraba, 14 ga Oktoba

Sallah ta wuce, ban je gida ba. Na ce aiki ne.

Litinin, 19 ga Oktoba

Goruna sun iso, wasu a jirgin ruwa, wasu a jakai. An jibge su a tsakar gareji, Mai Lofe na ta murna. Na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, sai ta amsa min a dushe. Na ɗauki ta biyu, haka. Na kankare gindinta da farce, ga ɗinki nan a ƙarƙashin ƙaro da laka, ɗinkin Isa gyartai, wanda ko a mafarki na gani na san shi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu lafiyayya ko guda. Tsofaffin da aka rataye a bayan ɗaki ne, da fasassun da ake zuba ƙaiƙayi, aka wanke aka shafe aka aiko wa Bature.

Sai da na shiga bayan katafila na yi dariya har da hawaye. Mutanenmu ke nan. Haka suke yi wa mai karɓar jangali, haka suke yi wa duk wanda ya zo da hula da sanda, ka ba shi gurguwar akuya ka ɓoye mai ciki. Lafiyayyun na can cikin ciyawa ko ƙarƙashin rumbu, na tabbata.

Na bar Mai Lofe da murnarsa. Yau na ci tuwo da daɗi, rabona da haka tun kafin Sallah.

Talata, 20 ga Oktoba

Huda muke yi. Kowace gora sai an huda ta biyu an zura ɗamarar ƙarfe, a toshe bakinta da katako, a bi da kwalta. Igiya ba ta riƙewa, mun gwada. Gorar da aka yi wa haka ta gama aikin su har abada, amma waɗannan dama sun gama.

Kififiya ta fara kama da wani abu. Akwati ne na ƙarfe, da ƴar taga kamar bakin asusu a gaba, goruna jere a kowane gefe. Mummuna ce ƙwarai, kuma ina son ta, ban san yadda zan yi da wannan ba.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Ni zan tuƙa ta ranar gwaji.

Shu'ibu bai iya ruwa ba, Bakano ne na cikin birni. Mai Lofe ya ce wa ya fi cancanta in ba ɗan masunta ba, kuma mai dabarar. Girmamawa yake yi min, har hannu ya ba ni.

Na shiga na zauna a ciki don in ji yadda take. Ƙofa ɗaya ce, a sama, farantin ƙarfe ne da sai na sa kai da kafaɗa kafin ya ɗaga. Kujerar na can ƙasa, gwiwoyina na taɓa injin. Shu'ibu ya rufe ni don wasa, ya ce yaya kabarin. Da na fito ya ga fuskata, bai ƙara ba.

Iya ruwa ba ya amfanar wanda ke cikin akwati. Gora mai ɗinki tana iya ɗaukar yaro a gefen tafki. In ƙarfe ya danna ta cikin ruwa har wuya, ɗinkin zai buɗe, in ɗaya ta buɗe nauyin ya koma kan ta kusa da ita. Wurin da Mai Lofe ya zaɓa kuwa zurfinsa gaba biyu ne da wani abu, na sani don na taɓa nutso a nan.

Asabar, 24 ga Oktoba

In na faɗa masa, dogarai za su shiga Kubulwa. Za a tone rumbuna, a kwashe lafiyayyun, a ɗaure dagaci, wataƙila da Baba. Kuma kowa zai san bakin da ya faɗa, bakin da ya jawo tun farko.

In na ce ba zan shiga ba, Shu'ibu za a sa. Ƴaƴansa huɗu.

In na yi shiru, shi ke nan.

Na yi tunanin lalata injin. Hannuna ya ƙi. Kuma zai gyara ne kawai, ya fi ni sanin inji.

Na gaya wa Zaituna, don ta ga ba na cin abinci ta tsare ni. Na ce kada ya wuce ɗakin nan. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko ƙofar na buɗuwa daga ciki, na ce tana buɗuwa, ban ce mata da ƙyar ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Kasuwa. Talatu ta zo da banda, ta biyo gidana shan ruwa, ko gaisuwar kirki ba ta yi min ba. Na fita na bar su. Da na dawo ba ta nan, ga kwandon kifinta a zaure ko rabi ba ta sayar ba. Na dubi Zaituna. Ta ce, "Ka yi min duk abin da za ka yi, Malam. Na faɗa."

Ban yi mata komai ba. Na so in yi fushi, sai na tarar wani abu a cikina yana jin daɗi, shi ya fi ba ni kunya.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Mako guda, shiru daga Kubulwa. Talatu ba ta zo kasuwa ba.

To me nake jira? Gari guda ya zubar da abincin shekara saboda mutum ɗaya da ya tafi boko, ya dawo da wando da bakin da ba ya rufuwa? Ko ni ne dagaci ba zan yi ba. Daidai suka yi. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga yau, kuma duk da haka in na ji kukan jaki a bakin gareji sai na leƙa.

Na shafa wa ƙofar mai, na rage mata ƙusa ɗaya. Ta ɗan fi sauƙi.

Laraba, 4 ga Nuwamba

Sun zo.

Da hantsi, ina ƙarƙashin Kififiya, Shu'ibu ya ja ƙafata ya ce fito ka ga. Layi ne tun daga bakin gareji har kwanar masu kifi. Kowa da gorarsa a ka, ba a jaki ba, a ka, yadda ake ɗauko ta ranar su. Isa gyartai, su Musa na gidan dagaci, har tsohuwa Yakaka da gorar mijinta marigayi wadda ba ta bari kowa ya taɓa. Baba a gaba. Tasa na sani tun daga nesa, baƙa wuluk don tsufa, a kanta na koyi ruwa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon wani wuri, kamar kullum. Ya zagaya Kififiya sau ɗaya. Ya ce wa Shu'ibu, "Ta ina mai shiga yake fita?" Shu'ibu ya hau ya nuna masa. Baba ya ba wani gorarsa, ya hau da kansa, tsoho da shi, ya ɗaga ƙofar da hannu biyu, ya saki ta faɗi. Sannan ya sauko.

Mai Lofe ya fito, ya ce in tambaye su me ya kawo su. Baba ya ce, "Gaya masa na farkon fasassu ne. Mun ɓoye masu kyau. Ga su. In ɗauri ne a ɗaure ni, ni na ce a ɓoye, ni na ce a fito da su."

Na juya na ce wa Mai Lofe da Turanci, mutanen Kubulwa sun ji ana aikin yaƙi, sun ga na farkon ba su kai ba, sun nemo waɗanda suka fi. Ya cire lofe, ya yi musu godiya mai tsawo, har ya ce zai rubuta wa manyansa irin biyayyar mutanen ƙasar nan. Baba ya tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce ya yafe.

Sai na roƙi Mai Lofe, a gabansu, ko za a saka waɗannan a raga maimakon huda, a mayar musu bayan gwaji. Ya ce mun riga mun gani, igiya na saki. Baba ya ga muna ja-in-ja ya tambaya, na faɗa masa. Ya ɗauki gorarsa ya ajiye a gabana. Ya ce wa Shu'ibu, ba ni ba, "A huda. Abin da ba a huda ba suɓucewa yake yi."

Ko ruwa ba su sha ba suka juya.

Alhamis, 5 ga Nuwamba

Ni na huda ta Baba. Ban yarda wani ya yi ba. Ƙarar da ta yi ƙarƙashin ƙarfen, tas, lafiyayya. An cire tsofaffin an watsar bayan gareji, su ma sun tashi aiki.

Kubulwa ba ta da gora ko ɗaya yau. Ni kuma zan rayu. Na kasa haɗa maganganun nan biyu a kaina.

Asabar, 14 ga Nuwamba

An gama. Mun tura ta a ƴar kududdufin bayan gareji, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga. Mai Lofe ya ce alama ce mai kyau. Gwajin gaske sai wani babba ya zo daga Kaduna ya gani da idonsa. Ruwa kuwa kullum ja yake yi.

Tsoro ya tafi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne, ina so ta yi. Ina so ta haye kogin nan a gaban kowa, a ce da gorunan Kubulwa aka yi, a yi ta yin irinta ɗari, a zo ana roƙon mutanenmu su shuka duma. In haka ta faru zan iya shiga garinmu da rana.

Juma'a, 27 ga Nuwamba

Labari ya zo ta waya. Faransawan sun juya, yanzu da su da Ingila abu ɗaya ne. Babu mai gangarowa daga Damagaram. Gari na ta murna, an ce har a masallaci an yi godiya.

Babban ba zai zo ba.

Litinin, 30 ga Nuwamba

An ce a kwance ta. Katafila za ta koma gyaran hanya, faranta a mayar tasha.

Na shiga ofishinsa ba sallama. Na ce a bari in shiga da ita sau ɗaya, yau, ko babu mai kallo. Ni da wata guda da ya wuce nake neman hanyar gudu. Ya ce mai a ƙirge yake, kuma ba zai sa ran mutum a ruwa don abin da babu mai so ba. Na ce akwai masu so, gari guda. Bai gane ba, ta ina zai gane, ni na fassara masa. Ya ce shi ma abin ya yi masa ciwo, ya nuna min tulin zanensa, ya ce duk haka suka ƙare, wannan ce ma ta kai ga ƙarfe.

Na fito na zagi Shu'ibu a kan wata sifanar kwance noti da bai taɓa ba. Ya ƙyale ni.

Laraba, 9 ga Disamba

An ba ni gorunan, wai in yi yadda nake so da su. Na kira Isa gyartai ya zo ya duba. Ya juya wannan, ya juya waccan, ya sa yatsa a hudar, ya shinshina kwaltar. Ya ce tsaga ake ɗinkewa, rami ba a ɗinke shi, kuma inda ƙarfe ya ci gefen ya riga ya mutu. Ya zaɓi ƴan kaɗan ya ce zai gwada toshewa, kada in sa rai. Sauran sai dai a zuba dawa.

Bai zage ni ba. Har tambayata ya yi lafiyar Zaituna.

Lahadi, 20 ga Disamba

Babbar Sallah. Na je gida, na kasa ƙin zuwa. Kowa ya gaishe ni, an ce an tsira, na ce an tsira. Yakaka ta kama hannuna ta ce ai ka rame. Babu wanda ya ambaci gora. Talatu ma, mai bakin nan, nama ta tura min gaba. Da sun jefe ni da na san abin da zan yi da jikina.

An je aron gora garuruwan kusa. Wa zai ba ka gorarsa, su ma ranar su ɗin nan suke jira.

Asabar, 6 ga Maris, 1943

Jiya aka buɗe tafkinmu.

Na ɗauki izini na je. Kamar kowace shekara, an gayyaci maƙwabta, tun daga wajen Guri har Baturiya, don tafki ba a hana shi ranar su. Aka buga ganga, aka faɗa. Baƙi suka hau gorunansu suka yi tsakiya, ruwa ya yi baƙi da su. Mazan Kubulwa, masu tafkin, suna tsaye a gefe ruwa iya ƙirji, suna jefa koma a inda yara ke jefawa. Daga cikin waɗanda Isa ya toshe uku ne suka shiga, biyu suka sha ruwa kafin a yi nisa. Musa ya gwada zuwa tsakiya da iyo, koma ta naɗe shi, da ƙyar aka jawo shi.

Na ga giwan ruwa da mutum biyu suka ɗauka, na ga manyan tarwaɗa ana cusawa a gorunan wasu. Namu ƴan karfasa ne da ƙananan da ba sa banda. Na shiga na tsaya kusa da Baba ina riƙe masa bakin koma. Rabona da ruwan nan tun ina yaro, ƙafata ta manta laka.

Wani ɗan Guri, abokin wasan Baba, ya biyo ta gabanmu a kan gorarsa, ta cika har tana nitsewa. Ya ce kai Baƙo, ina gorunanku, ko kun ci da miya. Baba ya ce musanya muka yi. Ya ce da me. Baba bai juyo ba, ya ɗan karkata haɓa ta inda nake, ya ci gaba da jan komarsa. Mutumin ya kalle ni, ya daina dariya, ya tura gaba.

Da muka fito muna wanke ƙafa na kasa riƙewa. Na ce, "Baba, ko ruwan ba ta shiga ba fa. Da kun bar su a ɓoye babu abin da zai same ni."

Ya matse bakin wandonsa. Ya ce, "Ranar da muka kawo, mun san haka?"

Na yi kuka a nan, a gaban mutane, da gemuna.

Talata, 15 ga Yuni

An ɗauke Mai Lofe, zai koma wani babban gareji a Zariya. Ya ce in bi shi. Ya nuna min sabon zane, wata tanka mai tafiya a rairayi, da faffaɗan ƙafa. Kyakkyawa ce, na ga inda zan gyara mata tun kafin ya rufe takardar. Na ce masa sai bayan damina. Ya ce ba za a jira ba. Na ce to.

Ba wai na bar aiki ba ne. Izinin wata biyu kawai na nema, Shu'ibu na dariya wai ya san irin wannan wata biyun.

An yi ruwan shuka shekaranjiya. Gero ya ƙare a gidaje da yawa a Kubulwa, an ɗage aure biyu, Musa ya tafi cin rani bai dawo ba. Dagaci ya ba ni tudun da ke bayan gidan Yakaka. Irin duman ma wurinta na samo, na mijinta ne, ta ce ban da wasa. Ban iya ba. Na yi ramukan kusa da kusa, Baba ya zo wucewa ya tsaya, ya ce wa Talatu ta gaya wa mai gonar nan duma ba gyaɗa ba ne. Na cike na sake.

Isa ya ce in Allah ya yi, gona irin wannan ta ba da manya biyar ko shida. Gidajen masunta a garin sun fi arba'in. Na yi lissafin shekarun a kaina, ban rubuta ba.

Gobe da sassafe zan kewaye ta da ƙaya, saboda awaki.